Karatun Malam Gidaɗo a Zauren Albasa

A wata ruga da ke gefen Kaya, cikin ƙasar Maradun, aka haifi Gidaɗo. Shi ne na biyu a wurin mahaifinsa, yayansa Dikko ne ya riga shi zuwa duniya. Rugar yanzu babu ita. Wanda ya bi ta wurin zai ga tsamiya guda da wani fili da ciyawarsa ta fi ta kewaye tsawo, don nan ne shanu suka daɗe suna kwana. Mutanen wurin sun watse tun lokacin da daji ya daina zaunuwa, kuma Gidaɗo ba ya son a tambaye shi yadda aka yi.

Ƙafarsa ce ta kai shi boko. Yana ƙarami ƙaya ta soke shi a dunduniya, wurin ya yi ruwa, ya daɗe yana ɗingishi ba ya iya bin shanu. Da aka zo neman yaran makaranta, mahaifinsa ya ga wanda ba ya kiwo shi ya fi sauƙin bayarwa. Ƙafa ta warke, shi kuwa bai koma daji ba. Daga firamare ya wuce makarantar horon malamai, ya fito malamin lissafi. Ya koyar a Maradun, ya koyar a Bakura, daga baya aka kai shi wata makarantar jeka-ka-dawo a wani gari kusa da Damri. Nan ya yi gida, nan matarsa Barira ta haifi yawancin 'ya'yansu.

Mutum ne da ba ya faɗin abu kai tsaye. Idan yana jin ƙishirwa sai ya ce rana ta yi zafi yau, a kawo masa ruwa. Idan ba ya son tafiyar da wani zai yi, sai ya ce hanyar nan fa ba a cika yabon ta ba kwanan nan. Haka aka yi masa tarbiyya, haka kuma gidansa ya saba da shi. A aji kaɗai yake da tsanani, kuma tsananin nasa guda ne: ba ya karɓar amsa sai ya ga hanyar da aka bi aka same ta. Yaro zai kawo amsa daidai, Malam Gidaɗo ya dube ta, ya dube shi, ya tura masa littafinsa ya ce ina hanyar.

Ɗansa na fari sunansa Abdulwahabu, amma ba a taɓa jin sunan daga bakinsa ba. A wajen mutanensu uba ba ya kiran ɗan fari da suna, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ya zama hira da shi. Ana yaye yaron Dikko ya zo ya tafi da shi Talata Mafara, inda ya daɗe da barin shanu ya kama fataucin albasa yana saye a hannun manoman rani na madatsar ruwan Bakolori. Yaro ya tashi yana ce wa Dikko Baba, mahaifinsa kuwa yana ce masa Malam kamar yadda ɗalibai suke cewa. Gidaɗo in zai yi zancensa sai ya ce na wajen Hamma, wato na wajen yayansa. Idan suka haɗu a zaure, yaron zai durƙusa ya gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, sai ɗayansu ya sami dalilin fita. Ba ƙiyayya a ciki. Ranar da Abdulwahabu ya gama karatun kwamfuta a Mafara ya buɗe ɗan shagonsa na gyara, Gidaɗo ya aika da rago gidan Dikko, ya ce na Dikko ne, don ya ji kwana biyu ba ya jin daɗin jikinsa. Dikko kuwa lafiyarsa lau.

Ana saura kaɗan Gidaɗo ya ajiye aiki, wata ƙungiya ta kawo wa makarantarsu kwamfutoci irin na tafi-da-gidanka, aka kafa musu farantan sola a kan rufi, aka sa wa ɗakin ƙofar ƙarfe. Ɗan bautar ƙasa ne ya fara koyarwa da su. Da wa'adinsa ya cika ya tafi, ba a sami wanda ya yarda ya zo ba, saboda hanya. Ɗaki ya zauna a kulle zango guda. Sai jami'ar ƙungiyar, Hajiya Kubura, ta zo duba aiki, aka buɗe mata, ta tarar gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin tebur da taga. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce akwai wasu yaran a birni masu malami ba su da na'ura. Za ta dawo bayan dogon hutu. Idan ta tarar da wanda yake koya wa yara rubuta wa kwamfuta umarni, ba buga wasiƙa kawai ba, za ta bar su. Idan ba ta tarar ba, da mota za ta zo.

Shugaban makaranta, Malam Isma'ila, ya tara malamai ya faɗa musu. Kowa ya dubi takalminsa. Gidaɗo yana tunanin yaran ajinsa, waɗanda da yawansu iyayensu sun baro garuruwansu kamar yadda aka bar rugarsu, babu shanun da za su koma wa, babu gonar. Can ya ce ya ji ana cewa abin yana da dangantaka da lissafi. Malam Isma'ila ya daɗe da saninsa, don haka bai ƙara tambaya ba, ya miƙa masa makulli.

Ranar Talata, ranar kasuwar Mafara, Gidaɗo ya hau babur ɗinsa da hantsi, lokacin da hanya take da mutane, ya nufi Mafara. Ya sami Dikko a zaurensa, buhunan albasa jingine da bango, warinta ya kama tabarma ya kama rigar kowa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, suka bi gida-gida, suka bi damina, suka bi matattu. Sannan Gidaɗo ya ce an kawo musu wasu na'urori a makaranta, ana cewa za a kwashe su don babu mai sarrafa su. Ya ce shi dai makulli ne a aljihunsa.

Dikko ya dube shi ta gefen ido, ya yi 'yar dariya cikin gemu. Ya san abin da ake nema, ya kuma san ba za a faɗe shi ba. Ya san ƙanensa ba zai zauna gaban ɗansa na fari ya ce koya mini ba, yaron ma ba zai iya ɗaga ido ya koyar ba. Da Abdulwahabu ya shigo cin abincin rana, Dikko ya tare shi.

"Wahabu, gobe ka zo da wagga na'ura taka. Ni nike son koyo."

Abdulwahabu ya dubi Dikko, wanda ko baƙin boko ɗaya bai sani ba. Ya saci kallon mahaifinsa, wanda ya duƙufa yana duban wata albasa kamar bai taɓa ganin irinta ba. Ya ce to, Baba.

Haka aka kafa makarantar. Gidaɗo ya tare a gidan yayansa na tsawon hutu. Kowace safiya Abdulwahabu zai ajiye kwamfuta a kan buhu, ya juya fuskarta yadda na zaune a kusurwa zai gani, ya zauna gaban Dikko yana yi masa bayani da murya mai ƙarfi. Gidaɗo yana kusurwa da carbi, gefensa ne yake fuskantar su, kunnensa kuwa duk yana wurin.

Darasin farko ba a ma kunna na'urar ba. Abdulwahabu ya ce wa Dikko kwamfuta ba ta da hankali ko kaɗan, abin da aka ce mata shi take yi, a jeren da aka faɗa, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Ya ce a ɗauka shi ne kwamfutar, Baba ya ba shi umarnin cika buhu. Dikko ya ce zuba albasa a buhu. Abdulwahabu ya ɗebo albasa ya zuba a kan buhun da ke kwance a ƙasa bakinsa a rufe, ta gangara ko'ina. Dikko ya ce kai, buɗe bakin mana. Ya buɗe, ya tsaya riƙe da shi yana jira. Sai da Dikko ya rarraba aikin, ɗaga buhu, buɗe baki, ɗebo, zuba, sannan albasa ta shiga inda ake so.

Dikko ya goge zufa ya ce ashe jakinsa ya fi wannan abu, don jaki ko ba a ce masa komai ba ya san hanyar gida. Abdulwahabu ya ce haka ne, sai dai ita ba ta gajiya kuma ba ta mantuwa. Gidaɗo bai yi dariya ba. Yana tunanin shekarun da ya yi ana kawo masa ruwa bai ce a kawo ba.

Daga nan aka shiga mazubi. Abdulwahabu ya nuna buhunan da Dikko yake sa wa alama da shuni don a san na wane ne. Ya ce a kwamfuta ma haka ne, za ka ware wuri ka raɗa masa suna, ka zuba abu a ciki, lamba ko sunan mutum. Abin da ke ciki yana iya canzawa, sunan wurin yana nan. Duk lokacin da ka kira sunan, abin da ke ciki a lokacin shi za a miƙo maka. Wannan bai ba Gidaɗo wuya ba, ya ga kamanninsa da harafin da yake sa wa yara a madadin lambar da ba a sani ba, har ya gyaɗa wa bango kai.

Sai sharaɗi. Idan albasa ta yi laushi, ajiye ta gefe, in ba haka ba, jefa ta a buhu. Dikko ya tambaya to wadda gefe guda ne kawai ya taɓu fa, irin wadda ake sayar wa masu tuwo. Abdulwahabu ya ce ita ma sai an faɗi hukuncinta tun farko, in ba a faɗa ba na'ura za ta jefa ta ɗaya daga cikin biyun ba tare da ta ji komai ba. Dikko ya ce lallai ba zai bar mata zaurensa ba.

Idan Gidaɗo yana da tambaya, iska yake yi wa. Zai ce, ko mi ya sa ake ajiye ɗigo biyu a ƙarshen wancan layi. Abdulwahabu zai juya ga Dikko, wanda sau da yawa gyangyaɗi ya riga ya ɗauke shi, ya ce Baba, ɗigon nan biyu suna nuna cewa abin da ke ƙasa a ƙarƙashin sharaɗin yake. Dikko ya farka ya ce ya gane sarai.

Bayan darasi Abdulwahabu yakan bar kwamfutar a zaure ya tafi shago, ya ce ko Baba zai so ya gwada. Yana fita Gidaɗo zai matso, ya sa tabarau, ya fara bugawa da yatsa ɗaya. Kalmomin Turanci ne 'yan kaɗan, ya riga ya san su. Amma na'urar ba ta yafe komai. Ya bar baka, alamar nan mai lanƙwasa da ake killace rubutu da ita, a buɗe bai rufe ba, sai ta fito masa da jan rubutu. Ya matsar da layi ba inda ya dace ba, jan rubutu. Zai zauna yana kallo har a kira azahar, ya tashi ransa a ɓace ya tafi masallaci, daga can ya tsaya gaisawa da mutane.

A daidai lokacin ne Abdulwahabu yake dawowa cin abinci. Zai tsuguna gaban kwamfutar, ya ga inda mahaifinsa ya kuskure. Ba shi da bakin da zai ce Malam ya yi kuskure, ko ga Dikko ma bai iya faɗa ba. Sai ya sa hannu ya rufe bakar, ya daidaita layin, ya ƙara abin da aka bari, ya danna ta yi aiki, ya bar ta a haka ya shige cikin gida. Dikko yana gani, ya ga ladabi ne, bai gaya wa ƙanensa ba.

Gidaɗo zai dawo ya tarar jan rubutu ya tafi, ga amsa zaune a fuskar na'ura. Ran farko ya yi mamaki. Dikko ya ce ai ta huce ne, ita ma kamar mutum take, in an ba ta wuri takan sauko. Gidaɗo ya karɓi wannan. Mutumin da ya tsufa yana tambayar yara ina hanyar, da ya ga tasa amsar ta fito bai koma ya duba hanyar ba.

Darasi na ƙarshe shi ne maimaici, yadda ake sa na'ura ta yi abu ɗaya ta sake yi har sai wani sharaɗi ya cika. Abdulwahabu ya ba Dikko aikin gwaji: a rubuta umarnin da zai tambayi mutum sunansa, ya ajiye a mazubi, ya gaishe shi sau uku. Ya ce a ware wani mazubin na ƙidaya, a fara shi daga sifili, a ce muddin ƙidaya ba ta kai uku ba a gaisa, kuma duk gaisuwa a ƙara ɗaya a kan ƙidayar. Gidaɗo ya ji duka. Da ya zo rubutawa sai ya bar layin ƙarin, don a ganinsa cikon magana ne. Wanda ya gaisa ai ya san ya gaisa. Ya danna, na'ura ta kama gaishe da Dikko, layi bayan layi, suna gudu sama ba tsayawa. Aka kira salla, ya tafi. Ya dawo ya tarar da gaisuwa uku cif, a natse.

Da hutu ya ƙare ya yi sallama da yayansa. Ya ce a gaya wa mai na'ura an ga ƙoƙarin da ya yi da Baba.

An koma makaranta, saƙo ya zo cewa Hajiya Kubura tana tafe mako mai zuwa. Gidaɗo ya buɗe ɗakin, aka share, aka kunna na'urori, ya shigo da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare. Ya yi musu bayanin buhu da albasa, suka ji daɗi, don da yawansu sun yi aikin cika buhu a Bakolori. Sannan ya tara su a bayansa ya rubuta umarnin gaisuwa yadda ya sani. Ya kira wata yarinya mai suna Hamdiyya ta buga sunanta. Na'ura ta fara gaishe ta. Yara suka yi murna da gaisuwar farko da ta biyu da ta uku. Ta wuce ta huɗu, ta ci gaba, har sunan ya zama kamar zare yana gudu ba a iya karanta shi.

Ya ce musu kada su damu, takan yi haka, a ba ta wuri ta huce. Ya sallame su su tafi hutun tara. Ya kulle ɗakin da hannunsa, ya je ofis ya zauna, ya ƙara da nafila. Da suka dawo tana nan tana gaisuwa, har gindinta ya ɗau zafi. Wasu yara suka rufe baki da hannu. Hamdiyya ta tambaya a hankali ko haka za ta yi ta yi har a tashi. Ya danne maɓallin kashewa har fuskar ta yi baƙi, ya ce a koma aji.

Ya zauna shi kaɗai a ɗakin, makulli a hannunsa. Wannan ƙofar shi ya kulle ta, babu wanda ya shiga. Ta zauren Dikko kuwa a buɗe take wuni, kuma ya san wanda yake shigowa da azahar. Bai daɗe yana lissafin ba, aikinsa ne. Ya ga cewa hutu guda ya yi yana kallon aikin wani yana zaton nasa ne, kuma bai san ko guda daga cikin kurakuransa ba, don ba a bar masa ko ɗaya ya gani ba.

Washegari ya nemi izini wurin Malam Isma'ila, ya ɗaure kwamfuta guda a bayan babur. Ba ranar kasuwa ba ce, hanya ba mutane, Barira ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa. Da ya isa Mafara bai bi ta zauren yayansa ba. Ya tambayi wani mai shayi ina shagon yaron Dikko mai gyaran kwamfuta, aka nuna masa. Bai taɓa taka wurin ba.

Abdulwahabu yana ganinsa ya miƙe, abin da ke hannunsa ya faɗi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya jawo kujerarsa ya goge da hannun riga, ya ce bari ya je ya kira Baba. Gidaɗo ya ce a bar Hamma ya huta. Bai hau kujerar ba, ya zauna a bencin masu jiran gyara, ya buɗe kwamfutar a kan gwiwa, ya rubuta umarnin gaisuwa daga farko da yatsansa ɗaya. Ya buga sunan Dikko, ya danna. Gaisuwa ta kama gudu.

Suka tsaya suna kallo. Hannun Abdulwahabu ya taho a hankali zuwa madannai. Gidaɗo ya shimfiɗa tafinsa a kansu.

"Da baki."

Abdulwahabu ya janye hannu. Ya dubi ƙasa ya ce wataƙila na'urar ce, irin waɗannan na makaranta wani lokaci sukan yi nauyi.

"Na'ura ba ta da laihi. Kai ka ce abin da anka ce mata shi take yi." Ya ɗauke tafinsa daga madannan. "Mako mai zuwa za a zo da mota. In ka gyara mini yau, ranar ba ka nan."

Wani ya leƙo da waya a hannu, ya ga fuskokinsu, ya ce zai dawo. Fanka tana juyawa a sama. Abdulwahabu ya tsuguna a gefen bencin yadda kansa zai yi ƙasa da na mahaifinsa, ya miƙa yatsa kusa da fuskar na'urar bai taɓa ba.

"Malam, nan ne. Kun ce ta tsaya in ƙidaya ta kai uku, amma ba ku ce ta ƙara ɗaya ba. Har yanzu a sifili take."

"To ba ta san ta gaisa ba?"

"Ba ta sani ba, Malam. Sai kun hwaɗa mata."

Gidaɗo ya daɗe yana duban layin. Ya tambayi yadda ake tsayar da ita ba tare da an kashe ba, aka nuna masa maɓallai biyu da ake dannewa tare. Ya rubuta layin da ya bari da kansa, ya sa shi ba daidai ba, ta ƙi. Abdulwahabu ya ce a ɗan matsar da shi ciki, ƙarƙashin gaisuwar. Ya matsar. Ta gaishe da Dikko sau uku ta yi shiru.

Gidaɗo ya ce sauran kurakuransa fa, na cikin hutu. Abdulwahabu ya ce ba su da yawa. Gidaɗo ya ce a fara daga na farko.

Sun kai la'asar a shagon, washegari ma haka, da jibi. Abdulwahabu ya koya masa karanta jan rubutun nan, ya nuna masa cewa ba zagi ba ne, na'urar tana faɗin layin da ta tsaya ne da abin da ya tsayar da ita. Da farko kowane gyara sai ya zagaya ya ce kamar dai, ko wataƙila. Zuwa rana ta uku ya iya cewa Malam, baka. Ba su haɗa ido ba ko sau ɗaya, dukansu na'urar suke kallo. Dikko ya zo da kansa ya tsaya a bakin shago, ya ce ashe an kore shi daga makaranta ba a ko ba shi takarda ba, shi da ya fi kowa zuwa da wuri. Ya zauna a waje yana kore wa Abdulwahabu masu kawo gyara.

Hajiya Kubura ta zo da motar kamar yadda ta ce, direba ya tsaya da ita a gindin darbejiya. Ta zauna a bayan aji. Gidaɗo ya raba yara a kan na'urori, ya ce kowane rukuni ya rubuta umarnin da zai tambayi nauyin buhu, in ya kai a ce ya cika, in bai kai ba a ce a ƙara. Shi ma ya rubuta nasa a gabansu, ya danna, ta fito masa da ja. Malam Isma'ila, da ke tsaye a ƙofa, ya dubi waje. Gidaɗo ya gyara tabarau, ya karanta jan rubutun da ƙarfi kalma bayan kalma, ya ce ta ce layi na uku. Ya bi layin da yatsa har ya sami ɗigo biyun da ya bari, ya sa, ta yi. Sannan ya bi tebur-tebur hannuwansa a baya. Inda ya ga ja sai ya tsaya ya ce a karanta masa abin da ta ce.

Hajiya Kubura ta tambaye shi a ina ya yi karatun. Ya ce a Mafara, wurin na wajen yayansa. Ta ce abin da ya sani bai yi yawa ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Ya ce haka ne. Ta ce amma ya isa zango guda, in zai ci gaba da zuwa Mafaran. Ta fita ta yi wa direba magana, mota ta juya babu kaya.

Har yanzu yana zuwa, duk ranar Talata, in hanya ta yi kyau. Takardar ajiye aikinsa ta fito, Malam Isma'ila bai nemi makulli ba, shi ma bai kai ba. Kwanan baya ya sa kafinta ya rage wa tebura biyu ƙafa, don an fara shigo da 'yan ƙaramar sakandare, kuma hannuwansu ba sa kaiwa ga madannai.